Sunaye Tara da Na Yanke daga Waƙar Inna Dije

Daga Gaya

Ranar Talata na bar gida ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba. Cikin buhuna akwai rediyo mai cin kaset, pil, wato batir, shida sababbi, da kaset ɗaya naɗe a tsohon rawani. Ku mutanen Gaya kun san ni da Alhaji Idi mai kaset, ko da yake rumfar ta daɗe da mutuwa. Dalilin tafiyar ne ba ku sani ba, kuma gara ku ji daga bakina.

A zamanin mulkin soja na farko, ina saurayi, jirgin sarkawa ya kife a ƙasa da Tunuga, mutum tara suka rasu. Wata mata, Inna Dije, wadda ɗanta Hamidu yana ciki, ta yi musu waƙa tana kiran kowa da sunansa da na uwarsa. Na je na ɗauka a kaset. Ta ce ta yarda ne don kada sunayen su ɓace, na yi mata alkawari. Da na dawo rumfa sai na ga masu saye ba sa jure wa jerin sunaye, amshi kawai suke so: "Ku ja, ku ja, gaɓa ta yi kusa." Na yanke sunayen, na maimaita amshin, na yi ta kwafa ina sayarwa. Wannan guntun ya haye Malanbil, ya shiga Kamba, ya fi ƙarfina. Bara na ji shi a gidan biki, ana rawa ana kwaikwayon tuƙin jirgi. Tun ranar nake so in je wurinta tun tana da rai.

Hanyar Tunuga

Na hau kabu-kabun wani magidanci, Sale, a kan jaka ɗaya. Tun da sojoji suka dawo mulki shingaye sun yawaita. Ƙarfe shida da kwata jandarma ya tsayar da mu, ya duba katina, ya buɗe buhu, ya ɗaga rediyon.

"Baba, wannan ai ta girme ni. Tana magana kuwa?"

"Idan an ba ta pil."

Ya yi dariya, ya sauke igiya.

Muna wuce gonakin shinkafa Sale ya kunna wayarsa, sai ga waƙar. An sa mata gangar inji, an ƙara wa muryar sauri har ta koma ta yarinya, an liƙa mata busar fim ɗin Indiya da takun sojoji a fareti. Na tambaye shi wa ya yi ta.

"Wasu sun ce wata ce a Kotonu. Ƙanena ya ce ba mutum ba ce ma, na'ura ce."

"To, me take cewa?"

"Kai Alhaji! Wa ke jin magana? Kiɗan ake bi."

Na ce masa waƙar makoki ce. Ya ce to makokin ya yi daɗi, ya ƙara murya.

Tunuga zuwa tunga

Mun isa ƙarfe bakwai da minti ashirin. Na sha koko da ƙosai na dala arba'in, na jira jirgi har tara saura. Minti arba'in muka yi a ruwa kafin tungar, wato 'yar rugar masunta inda Inna Dije take.

Na same ta a inuwar zana, idanunta sun tafi. Jikarta Rakiya, 'yar Hamidu, wadda aka haifa bayan rasuwarsa, tana gefe tana gyaran kifi. Na yi sallama, na durƙusa.

"Wane ne?"

"Idi ne, Inna. Na Gaya."

"Mai kaset? Ashe kana da ƙafa."

Na faɗa mata duk abin da na yi, ban rage ba. Ta ce ta sani. Kullum yaran tunga suna wucewa da waƙar a waya, kuma ko an sa mata gudu, mutum ba ya ɓata muryarsa. Ta ce wata rana ta rera musu yadda take, suka ce, "Kaka, ba haka ake yin ta ba." Tun daga nan ba ta sake rera ta ba.

Rakiya ta ajiye wuƙa. "Inna, wace waƙa? Ku ja, ku ja? Ni fa na yi rawarta a bikin ƙawata Hadiza!"

Inna ta juyo gare ni, ta ce sunaye biyu sun ɓace mata, shekaru tana lalube. "Idan suna cikin abinka, kunna."

Na sa pil, na kunna. Kaset ɗin asali ne, wanda ban taɓa ba. Ya yi shuu, sannan muryar ta fito a hankali, babu ganga, sai ƙarar ruwa. Inna tana lanƙwasa yatsa a kan kowane suna. A na shida da na takwas ta ce, "Yauwa. Allah sarki." A na tara aka kira Hamidu ɗan Dije. Rakiya ta rufe fuska da zane.

Da Rakiya ta natsu ta ce in mayar baya, ta kanga wayarta a bakin rediyon. Na ce, "'Yata, kada ki tura wa kowa. Yanka ta za su yi."

Inna ta ce, "Ƙyale ta. Ita ubanta take ɗauka. Kai me ka zo ɗauka wancan karon?"

Na sunkuyar da kai, na roƙi gafara.

Ta ce, "Na Hamidu na yafe. Sauran takwas ba ni na haife su ba. Gidajensu ka bi."

Gida uku kaɗai suka rage a tungar, Rakiya ta nuna mini. Gida biyu suka saurari kaset suka ce babu komai. A na uku, wani dattijo ɗan'uwan mamaci ya ji bayanina a tsaye, ya ce, "Shekara nawa ana rawa a kan yayana?" Ya shige ciki, bai sake fitowa ba. Sauran biyar sun watse, wasu Benin, wasu Najeriya, babu mai sanin takamaiman inda suke.

Komawa

Na bar wa Inna rediyon da kaset ɗin, na kama jirgin ƙarfe biyu. Na shigo Gaya ana kiran la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni na same ta da rai, na gode wa Rakiya da Sale da mai jirgi. Ku kuma masu karatu, idan akwai wanda danginsa suka tashi daga tungogin Tunuga, kuma an taɓa ba shi labarin wani nasa da ruwa ya ci a wancan jirgi, gidana yana bayan tsohuwar rumfata. Saura ƙofa biyar ban ƙwanƙwasa ba, kuma ban san hanyarsu ba.