Baƙin Yashi a Gwangwanin Illiassou

Malam Illiassou mutumin Adar ne, daga wani ƙauye gabas da Tahoua, inda ruwa yake da darajar da ba a wasa da shi ko da baki. A garinsu ruwa abu ne da ake jawowa da guga daga rijiya mai zurfin tsiya, a sha, a yi alwala, a ba dabbobi. Ba a taɓa jin mai hankali ya tuɓe ya faɗa cikinsa don nishaɗi ba. Da wannan fahimtar ya zo Faransa, da ita kuma ya fara furfura, duk da cewa kowace safiya sai bas ta tsallaka da shi kogin Rhône zuwa luzin, wato masana'antar sinadarai, da yake aiki a Saint-Fons, a gefen birnin Lyon. Da zarar an hau gada sai ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa har a sauka.

Ba mai yawan magana ba ne. Yana cika ganguna, yana tura su, ya dawo Rillieux-la-Pape da warin luzin a rigarsa. A can saman bene yake zaune da matarsa Zouera da 'yarsu ɗaya tilo, Kadidiatou, wadda suka zo da ita tana ƙarama. A kan kabad ɗin ɗakinsa akwai wani tsohon gwangwanin madara, cikinsa jar ƙasa ce ta bayan ɗakin mahaifiyarsa. Al'adar gidansu ke nan: matafiyi yakan ƙulle ƙasar gida, in ya sauka baƙon wuri ya barbaɗa kaɗan a ruwan da zai fara sha, don kada canjin ruwa ya kayar da shi, kuma don kada baƙon wurin ya riƙe shi. Illiassou ya sha tasa ranar da ya sauka Lyon. Ruwan bai kayar da shi ba, batun riƙewa kuwa ba ya son a tayar da shi.

Kadidiatou ce ta fara rikita masa lissafi. Tana makarantar firamare aka ce za a riƙa kai yara pisin, wato kwamin wanka, su koyi iyo. Ya ce ko kusa. Zouera ta ce to, sannan ta saya wa yarinya tawul ta ɓoye a ƙarƙashin kayan wanki. Sai da ta girma ya gane cewa 'yar cikinsa tana ratsa ruwa tamkar tarwaɗa, ya yi fushin kwana biyu ya haƙura. Da ta shiga jami'a a Villeurbanne ta ce karatun duwatsu za ta yi, nan ma sai da kansa ya ɗaure, don a saninsa dutse abin tuntuɓe ne. Amma wani ɗan Maraɗi ya gaya masa a masallaci cewa irinsu ake nema a Arlit, inda ake haƙar ma'adini. Daga ranar ya gama tsara rayuwarsa: ita ta kama aiki a Nijar, shi ya ajiye na luzin, su tattara su koma gida gaba ɗaya. Bai gaya mata ba, don a ganinsa abu ne da ba ya bukatar faɗa.

A ƙarshen 1985 ta zo da labarin cewa za a tura ta wani tsibiri mai suna La Réunion, ta yi 'yan watanni tana nazarin wani dutse mai aman wuta. Ta nuna masa a taswira. Ɗigo ne bai kai ƙwayar gero ba, ruwa ta ko'ina. Ta ce kuma ƙasar Faransa ce. Ya dubi inda Faransa take, ya dubi ɗigon can ƙasa da Afirka, ya rufe taswirar.

Ana gobe za ta tafi ya sauko da gwangwani, sai hannunsa ya tsaya. Wace ƙasa ce ƙasar gida a wurin yarinyar nan? Adar da ta bari ba ta gama wayo ba, ko Rillieux inda haƙoranta suka fita? Ya yi ta juya abin har la'asar. Ƙarshenta ya ɗauki cokali ya sauka ƙasan bene, ya tsuguna gindin wata 'yar bishiya yana tono, mai gadin gidan yana kallonsa ta taga kamar ya ga sabon hauka. Ya haɗa ƙasar biyu a tsumma ɗaya ya ƙulle mata. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, shi kuwa har ta tashi bai san ko daidai ya yi ba.

Sai hotuna suka fara zuwa. Na farko bakin teku ne, yashinsa baƙi ƙirin kamar an zubar da gawayi, ga mutane kwance a kai ba abin da ya dame su. Na biyu wani gurbi ne cikin baƙaƙen duwatsu, igiyar ruwa tana tsallako dutse tana cika shi, yara suna wasa ciki. Na uku kwazazzabo ne can cikin tsaunuka, ruwa yana zubowa daga sama, ga kan Kadidiatou ya leƙo daga tsakiyar ruwan tana dariya. Zouera ta kai hoton bakin taga tana binciken ko da riga a jikinta, ta ga da riga, hankalinta ya kwanta. Illiassou kuwa ba rigar ce ta dame shi ba.

A luzin akwai wani Adam, ɗan tsibirin ne, Musulmi, suna sallar azahar tare a bayan ganguna. Illiassou ya kai masa hotunan don ya warware masa, sai ya ƙara dagula shi. Adam ya ce yashin nan dutse ne da ya narke ya kwarara teku, ruwa ya niƙe shi. Ya ce da tsakar rana yana ƙona tafin ƙafa, sai mutum ya ruga da gudu ya faɗa ruwa. Ya ce gurbin nan wuta ce ta gina shi, amma ruwan kwazazzabon sanyinsa har ƙashi. Illiassou ya koma gida yana ta nanata wa Zouera: wuta ta gina wurin wanka, ruwa ya niƙa dutse, mutane suna gudun yashi suna fakewa a teku. Ko ta ina ya kamo zancen sai ya suɓuce masa.

A watan Maris suna cin abinci talabijin ta nuna dutsen ya fashe, jar wuta tana gangarowa, ta ratsa titi ta shiga teku, hayaƙi ya turnuƙe. Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Washegari ya yi ta jeka-ka-dawo tsakanin gida da kabin ɗin waya har ya same ta. Ko gaisuwa ba su gama ba ya tambaye ta ina take. Ta ce lafiya lau, aikin ma yanzu ya yi daɗi, ran Lahadi har sun je wanka.

"Dutse na aman wuta, ke kina wanka?"

"Baba, wancan gefe ne. Nesa ne ƙwarai."

Ya tuna ƙwayar geron nan ta taswira, ya rasa inda nesa za ta samu wurin zama a cikinta. Abin da ya fi tsaya masa a rai ba wutar ba ce, muryarta ce. Ya san muryar baƙo, shekara nawa yana magana da ita. Wannan muryar mai gida ce.

Da zafi ya shigo ta ce tana tafe. Ya ɗauki hutu ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya sauka wurin Alhaji Daouda, wani ɗan kasuwa ɗan garinsu mai shagon atamfa a Barbès, da safe ya tarye ta a filin jirgin sama na Orly. Ta yi baƙi, ta rame, fuskarta sai walwala. Suka kamo hanyar Lyon. Jirgin ƙasa bai daɗe da barin gari ba ta buɗe jakar hannunta tana neman wani abu, ta fito da wata 'yar kwalba ta ajiye a kan tebur, dab da gorar ruwansu. Baƙin yashi ne cike da ita, yana ƙyalli kamar kwalli.

Ya ƙura wa kwalbar ido. A saninsa mutum ba ya ɗaukar ƙasa a jaka sai ta gida, kuma ba ya ɗaukarta sai zai je baƙon wuri. Ke nan tsibirin ya zama gida, ɗakin uwarta ya zama masauki. Tana ta ba shi labarin wani tafki da ake sauka da igiya kafin a kai gare shi, shi kuwa idonsa yana kan hannunta, yana jiran ya ga ta buɗe kwalbar ta barbaɗa a ruwa. Ba ta buɗe ba. Ta sha ruwanta haka nan, ta mai da kwalbar jaka. Wannan ma bai san fassararsa ba, har suka isa tashar Part-Dieu a Lyon.

Kwanaki ya yi yana gadinta a fakaice. In ta nufi famfo sai ya ƙirƙiro abin da zai ɗauka a kicin. Zouera ta tambaye shi ko ya fara koyon girki ne. Ran Lahadi da rana, bayan an kwashe kwanuka, ya kasa daurewa.

"Kadi, ƙasar ga da ke jakarki, ta sha ce?"

Ta dube shi, ta dubi uwarta, sai dariya ta ƙwace mata. Ta ce tsarabarsa ce, can kowa yana ɗebowa a kwalba don ado, ta manta ne ba ta ba shi ba. Ta tashi ta ɗauko ta sa masa a hannu. Wani sanyi ya ratsa shi, har ya fara jin kunyar wautarsa. Amma ba ta koma mazauninta ba. Ta durƙusa gabansa, dariyar ta tafi, ta ce dama tana neman bakin da za ta gaya masa: sun ba ta aiki na dindindin, ƙarshen hutu za ta koma.

Ya tambaye ta Arlit fa. Ta ce wace Arlit? A nan ne ya tuna bai taɓa faɗa mata ba. Ya yi kuskure a kan kwalba, amma abin da ya ji tsoro bai fasa zama gaskiya ba, kuma ya rasa wanda zai yi wa fushi. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ya fita da faɗa. Ya tambaye ta ko ta sha ƙullin da ya ba ta. Ta ce ta sha, ranar da ta sauka.

Ya daɗe yana juya kwalbar. Sannan ya tashi ya sauko da gwangwani, ya buɗe. 'Yar jar ƙasar da ta rage ba ta rufe gindinsa ba. Ya juye baƙin yashin a kai, ya bar kaɗan a tafin hannu, ya ce Zouera ta ba shi ruwa a kofi. Ya barbaɗa. Yashin bai gurɓata ruwan ba yadda ta Adar take yi, nan take ya nutse ya kwanta. Ya girgiza kofin, ya yi bisimilla ya shanye, tsakuwar tana ƙaras-ƙaras a haƙoransa.

Zouera ta ce, "Malam, ai ƙasar gida ake sha."

Ya share bakinsa, ya dubi 'yarsa da ke durƙushe har yanzu.

"Na sani," in ji shi.