Darar Baba da Baffa a Kan Rairayi

Shekarar da kunnen mahaifina ya toshe gaba ɗaya, talho ya daina yi masa amfani. Ƙanensa da ke Yamai, wanda muke ce wa Baffa, yakan kira ran Juma'a. Ni ke saurare, in juyo in kwatanta wa Baba da hannu. Daga baya ya ce in bari. "Ki ce masa lafiya lau nake," shi ke nan.

A lokacin ne wata mai zane, ƴar Gure da ta yi karatu a waje, ta kafa wani aikinta a ɗakin da ke kusa da lakwal ɗin da nake koyarwa. Tabur ne mai faɗi da aka cika da rairayin tudunmu, sama an rataye kamera da fitila. Akwai irinsa a Yamai. In ka sa hannu a nan, inuwarsa za ta fito a rairayin can, ta can ma ta fito a nan. Babu sauti. Na tambaye ta dalili, ta ce da gangan ta bar shi haka.

Na kira Baffa muka sa rana. Baba bai so zuwa ba, raƙumarsa na gab da haihuwa. Sai bayan la'asar ya biyo ni.

Ya tsaya bakin tabur, hannu a baya. Can sai inuwar wani hannu ta bayyana, ƙaramin yatsa a lanƙwashe. Igiyar guga ce ta karya wa Baffa shi tun suna kiwo tare. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya naɗe hannun riga ya ɗora tafinsa a kan inuwar.

Na zaci nan za su tsaya. Sai na ga Baba na tona ƙananan ramuka jere-jere, inuwar na bin sa tana tona nata. Gidajen dara ne. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwallayen dabino. Na Baffa kuwa inuwarsu kawai muke gani, baƙaƙe, suna zama cikin ramuka.

Sun daɗe suna yi. Sau ɗaya rezo, wato layin sadarwa, ya yanke, hannun ya tsaya cak, Baba ya jira shi bai taɓa komi ba. Da Baffa ya nemi tsallake gida, Baba ya mari inuwar, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

A hanya, da muka wuce kasuwa, Baba ya juyo gare ni.

"Hannunsa na rawa," ya ce. "Da ba ya yi."

Sun ƙara haɗuwa sau biyu kafin a kwashe taburin. Bayan girbi Baba ya bar wa yayana dabbobi, ya ce in samo masa wuri a motar Yamai, kusa da taga. Wata guda ya yi a can.