Tambayoyin Isiyaku a Hanyar Shumaisi

Isiyaku ɗan tela ne daga wani ƙauye a kudancin Zariya, kuma tun yana yaro mutanen gidansu suka gaji da tambayoyinsa. In babansa ya kwance keken ɗinki, sai ya ji aikin da kowane noti yake yi kafin ya bar wurin. Bokonsa bai wuce firamare ba. Tasha ya shiga, har ya zama direba, ya yi aure, ya haihu. A 2011 wani kamfanin jigila a Riyad ya aiko masa da biza, ya samu iƙama, wato takardar izinin zama, aka damƙa masa farar motar kosta. Aikinsa shi ne ya kwashi nas-nas daga masaukinsu a unguwar Ulaisha ya kai su asibiti wajen unguwar Shumaisi da safe, ya dawo da su bayan la'asar.

Yawancinsu 'yan Filifin ne. Babbarsu wata gajeruwar mace ce mai furfura, sunanta Marites, kullum a kujerar bayan direba take zama. Isiyaku ya lura cewa in mota za ta tashi takan taɓa goshi da ƙirji da sauri, hannunta a cikin abaya. Ya gane Kirista ce.

Ana cikin haka 'yarsa Turai ta bugo waya daga gida. Ta gama sakandare, ta samu gurbi a wata kwalejin koyon aikin lafiya ta shekara biyu, wadda sistocin Katolika ke riƙe da ita. Kafin ya gama taya ta murna, yayansa Ghali ya karɓi wayar.

"Ba za a kai 'yar gidan nan hannun 'yan mishan ba," in ji Ghali. "Ka ji na gaya maka."

"Na ji, Yaya. A ba ni lokaci."

Isiyaku bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya dame shi shi ne bai san me ake yi a cikin irin waɗannan makarantun ba, Ghalin ma bai sani ba. Wata safiya da cunkoso ya tsayar da su, ya haɗa ɗan Larabcinsa da ɗan Turancinsa ya ce wa Marites, "Sista, a ina kika yi karatu?"

Amsar ba ta ƙare a ranar ba. Gutsure-gutsure ya riƙa samunta, yau a bakin danja, gobe a ƙofar asibiti. Marites ta ce garinsu na masunta ne. Bayan yaƙin duniya na biyu wasu sistoci uku suka sauka a can, suka tarar mata na mutuwa wajen haihuwa don babu mai taimako. Wani ɗan kasuwa ya ba su tsohon rumbun shinkafa, nan suka fara koyarwa. Shugabarsu, Uwa Benigna, ita ta yanke cewa karatun shekara biyu ne kawai, domin masunci ba zai iya rabuwa da 'yarsa fiye da haka ba. Da guguwar teku ta yaye rufin rumbun, sai suka kifa wani babban kwalekwale a kan ginshiƙai suka ci gaba a ƙarƙashinsa.

"Wa ke zuwa na ɗaya a ajinku?" Isiyaku ya tambaya.

"Babu na ɗaya. Uwa Benigna ta hana. Wadda ta fi ganewa a kan zaunar da ita kusa da wadda ta fi shan wahala."

Wannan ya ba shi mamaki, don shi a firamare da bulala ake raka na ƙarshe gida. Ta ƙara masa da cewa kowace sabuwar ɗaliba a kan ba ta tsoho ko tsohuwa marar lafiya a cikin gari, ta riƙa duba su har ta gama makaranta. Jarrabawar fita kuwa, sai ka koya wa wata 'yar kasuwa da ba ta taɓa shiga aji ba yadda ake ɗaure rauni ko haɗa ruwan gishiri da sukari, har ta yi da hannunta a gaban malamai. In ta kasa, ɗalibar ce ta faɗi.

Sai da ya yi kwanaki yana juya maganar kafin ya kawo tambayar da ta fi ci masa rai. "To, addini fa?"

Marites ta ce su suna zuwa addu'a da safe. Akwai 'yan mata Musulmi daga kudancin ƙasarsu, an ware musu ɗaki. Wadda ke kwana a saman gadonta, Norhata, tana azumi, mai girki kuma na ajiye mata abincin sahur.

"Ba wanda ya matsa musu?"

"A tamu dai ba a matsa ba. Ta garinku ban sani ba, Isiyaku. Ka je ka gani da idonka."

Da hutunsa ya zo a 2014, bai yi kwana uku a gida ba ya lallaɓa Ghali suka hau mota. Shugabar kwalejin, Sista Martina, Hausa ce a bakinta ras, ta zaga da su ko'ina. Isiyaku ya leƙa ɗakin gwaji, ya buɗe tukunyar abinci, ya tambayi shekarar da aka haƙa rijiyar. Ya ga allo a bango da sunayen ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe, ya gane ba duka makarantun ne iri ɗaya ba. Amma ranar Laraba nan ma ɗalibai kan fita ƙauyuka duba marasa lafiya.

Ghali na biye da su har suka iso wata rumfa mai tabarmi da butoci, inda ɗalibai Musulmi ke salla. Ya dubi rana, ya dubi layin da aka ja a ƙasa, ya ce alƙiblar ta ɗan karkace. Sista Martina ta ce, "Malam, nuna mana daidai." Ta sa aka kawo fenti, Ghali ya tattare babbar rigarsa ya ja sabon layi da kansa. A hanyar komawa ya ce, yana kallon taga, "A gwada zango ɗaya."

Da Isiyaku ya koma Riyad ya ba Marites labarin kwalejin, sai ita ta koma mai tambaya: me suke ci, wane irin kaya suke sawa, su wa suka kafa ta. Da ta ji zancen allon sunaye ta girgiza kai tana dariya. A 2016 kwantiraginta ya ƙare, ta koma garinsu, ta bar masa na'urar gwada hawan jini ya kai wa Turai.

Turai ta gama, ta samu aiki a ƙaramin asibitin ƙauyensu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Isiyaku kan zauna a ɗakinsa na Ulaisha ya kira gida. Nan yake jin cewa Ghali na zuwa wajenta duk sati ta gwada masa jini, kuma in lambar ta hau, sai ya ce ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun.