Baturiyar da ke bayan littafin ƙanwata

Shekarar da ƙanwata ta zo ta ɗaya a makarantar mishan ta wajen Kwadaso, sai suka ba ta kyautar littafi. Ni lokacin na riga na sallami boko, ina kwandastan trotro, motar haya, daga unguwar Alabar zuwa Ayigya. Turancina na karɓar kuɗin mota ne da zagin direbobi, amma a gidanmu ni ne farfesa.

Kawu ne ya fara ganin hoton coci a bangon. Ya juya bayan littafin, ga hoton wata tsohuwar baturiya da hula kamar murfin kwando, ta tsare mu da ido.

"Na faɗa muku! Da littafi suke farawa. Gobe ta ce a kira ta da wani suna. Daga Litinin ta bar makarantar nan, wannan kuma a ba mai ƙosai ta naɗe kaya."

Ƙanwata ta fashe da kuka. Kaka, wadda ta rene mu, tana tsince wake a tire. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai, ɗan mota, akwai sunan Allah a ciki?"

Na buɗa. "Kaka, kowane shafi. Ya fi na bakin Kawu yawa."

"To ba a naɗe ƙosai da shi, ba a jefa shi bola. Za ka karanta mini shi kaf, in ji da kunnena. Sannan in yanke."

Haka muka yi ta yi bayan la'asar. Labarin wata yarinya ce da ta saci burodi ɗaya, ta yi babi uku tana kuka tana roƙon gafara. Na ce a Alabar da tuni ta nemi shayin da za ta kora. Kaka ba ta yi dariya ba. Duk inda na yi sauri sai ta buga tire.

"Koma baya. Me ka tsallake?"

"Addu'a ce kawai, Kaka."

"Wa take roƙa? Faɗa mini yadda yake."

Ta zargi littafin, ta zarge ni, har ƙanwata da ke gyara mini karatu ta zarga. Inda aka ambaci Annabi Isa yadda su Kiristoci suke faɗa, sai ta tsayar da ni, ta sa ƙanwata ta karanta Ƙulhuwallahu, tana kallon bakinta ko harafi ya zame. Bai zame ba.

Da muka gama, Kaka ta sa yatsa a kan hoton.

"Ita wannan, me take nema da 'ya'yan mutane? Nata nawa?"

Akwai ɗan tarihinta a ƙasan hoton. Na yi ta tuntuɓe da kalmomi, ƙanwata na ɗaga ni. 'Yar wani fasto ce a ƙauye, ba ta taɓa aure ba, ba ta haihu ba.

"Ahaf!" in ji Kawu daga kan benci. "Kun ji ko?"

Na ci gaba. Yayarta ce ta rasu ta bar mata yara, ita ta rene su. Don ta zaunar da su wuri ɗaya ta fara shirya musu labarai, daga baya aka buga. Ta mutu tun kafin a haifi kakar Kaka.

Kowa ya san Kaka ba ita ta haifi mahaifiyarmu ba, 'yar yayarta ce da aka bar mata a zane.

"Kai ka ƙara wannan," ta ce mini.

"Wallahi, Kaka, Turancina bai kai ƙarya mai kyau haka ba."

Ta ɗaga littafin kusa da ido, ta daɗe tana duban baturiyar.

"Shi ya sa take tsare mutum da ido. Mai renon na wani ba ta barci." Ta tura littafin ƙarƙashin cinyarta. "Ban yarda da ita ba har yanzu. Amma yarinya za ta koma makaranta. Duk littafin da suka ba ta, nan zai fara kwana."

Kawu ya buɗe baki, ta miƙa masa tiren wake.

Ranar Litinin ni na ɗauki ƙanwata a motarmu, gaba na sa ta, kusa da direba. Da za ta sauka na ce, "Don Allah wannan zangon ki zo ta biyu. Maƙogwarona ya gaji."