Malam na Dakusa, Malam na Droum

Shekarar da damina ta yi mana rowa, ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Damagaram, inda ake shirya rabon hatsi ga ƙauyuka. Masu zagaya ƙauye suka kawo mini fayil uku, na Mirriya, na Dakusa da na Droum. Kowane layi gida ɗaya ne: sunan maigida, sai yawan bakin da yake ciyarwa. Aikina in haɗa su su zama jeri ɗaya da motar hatsi za ta bi.

Lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba, don ni kaɗai a biron na iya baƙin allon nan na kwamfuta da ake buga wa umarni da hannu. In na zauna gabansa, ko gaisuwa da ka nake amsawa. Na buga cat, fayil uku suka zama ɗaya. Na buga sort, sunaye suka jeru bi da bi. Sai na ƙara ɗan harafin u, wanda yake share duk layin da ya maimaitu ya bar guda. Jerin ya ragu da layi goma sha ɗaya. Na tafi wurin shef ɗinmu, shugaban biron, wani dattijo mai sanyin hali, na ce masa na kama masu rubuta suna sau biyu. Ya yaba mini, aka aika jerin ƙauyuka don a karanta wa mutane.

Ana saura kwana biyu motar ta tashi, wata mata ta shigo biron, ƙafafunta duk ƙura. Daga Dakusa take. An karanta jerin a garinsu, ba ta ji gidanta ba. Mijinta ya tafi cin rani ya bar ta da yara biyar da tsohuwarsa, kuma abin da ya rage a rumbu ba zai kai mako ba. Duk da haka da fara'arta ta gaishe ni.

Na ce, "Inna, mene ne sunan maigidan?"

Ta ce, "Malam."

"Wane Malam?"

"Malam dai, Madam."

Raina ya fara ɓaci. Na ce mata kwamfuta ba ta san kunya ba, suna take so. Ta ja gyale ta rufe baki tana dariya. "Haba Madam, ke kina kiran naki da suna?"

Gaskiyarta ce. Shekara takwas da aurena, ban taɓa kama sunan mijina a gaban mutane ba. Mahaifiyata kuwa har ta bar duniya ban ji sunan babana a bakinta ba.

Na koma na buɗe fayilolin asali ɗaya bayan ɗaya. A na Dakusa ga Malam, baki bakwai. A na Droum ga wani Malam, baki bakwai. A na Mirriya ma haka. Ashe maza sun fita neman abinci, mata ne suka zo rubuta gidaje, masu rubutun kuma suka rubuta abin da aka faɗa musu. Ga Alhaji, ga Maigida, duk na murƙushe su wuri ɗaya kamar ƙuli-ƙuli. Kunya ta kama ni har kunnena.

Na sake aikin daga farko. Wannan karon na sa wani umarni, awk, ya liƙa wa kowane layi sunan fayil ɗin da ya fito da lambar layinsa, sannan na jera. Ban share ko ɗaya ba. Gida goma sha ɗaya suka dawo, kowa da garinsa a gaba. Na kai wa shef, na faɗa masa ɓarayina duk matan kirki ne. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya sa hannu.

Matar tana nan zaune a bakin ƙofa, ta ƙi tafiya sai ta ji da kunnenta. Na karanta mata: "Dakusa, Malam, baki bakwai."

Ta ɗaura ɗankwalinta da kyau ta miƙe. "To, shi ne. Kin ga ai ba sai na faɗa ba."