Mangwaro a Buhun Albasa

Ana sallame sallar asuba muka bar Konni, ni da direban ƙaramin kamiyon, wato motar kaya, da na ɗauko haya. Mun nufi wani ƙauye gaba da Malbaza kaɗan, inda yayana yake da lambun mangwaro mai aure da mahaifinmu ya dasa.

Ga dalilin tafiyar. Kowace shekara wani ɗan kasuwa yakan zo tun itatuwa suna fure, ya zagaya, ya ɗaga kai, ya saye 'ya'yan lambun gaba ɗaya a kan itace. Abin da yake bayarwa ba ya kai gidan yaya damina. Yaya ya gaji, ya ce zai sare itatuwan ya dasa albasa kamar maƙwabtansa. Ni na hana. Na ce bana ya sallami mutumin, mu tsinke da kanmu mu kai kasuwa, ribar da ake ci a kansa ta dawo gida. Ya ce ya ba ni shekara ɗaya. Na yi maganar ba tare da shakka ba, don da dako na fara har na zama mai loda motocin albasa, ina ganin babu kayan da za su gagare ni sayarwa.

A Tsarnawa muka sha shayi da burodi. Tun daga nan rudu ne, wato rumbunan albasa, dama da hagu, buhuna jere a bakin kwalta, ko iskar ma albasa take wari. Jandarma ya duba takardu, ya leƙa bayan mota ya ga wayam, ya ce mu tuna da shi in mun dawo.

Da hantsi muka isa lambu. Kwana biyu kafin nan na aika da buhuna, kuma ma'aikatan da yaya ya samu duk 'yan aikin albasa ne. Sun kaɗo mangwaron da gora, sun tsince shi a ƙasa, sun cika buhu, sun danna da gwiwa, sannan suka ɗinka wa kowane buhu hula a baki don ya ƙara ɗauka, daidai yadda muke yi wa albasa. Buhu arba'in a tsaye cikin rana, tsaf-tsaf. Ba zan ɓoye ba, da na gan su daɗi na ji, har na yaba wa masu ɗinkin.

Muka loda, yaya ya shiga gaba, muka koma Tsarnawa muka ɗauki hanyar Tawa. Zafin bazara ya kankama. A hanya direba ya ɗauki mutum uku, suka hau can bisa kaya suka zauna, ban hana ba, tunda haka ake yi kullum. Inda kwalta ta fashe motar ta riƙa dukan ramuka. Wani ƙamshi mai zaƙi ya fara shigowa ta taga, ƙudan zuma suka biyo mu. Direba ya ce ai talla ce kyauta. Yaya bai yi dariya ba.

Mun tarar da kasuwar Badagishiri ta cika: tumatir, kabewa, awaki, amalanken jakuna sun toshe hanya. Na nemo wata dattijuwa da aka ce ita ke sarin kayan marmari. Na sa wuƙa na farke hular buhun farko. Na sama da kyau. Daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa duk ya faffashe, ya yi baƙi inda gora ta doka, ruwa na bin buhu, da ɗumi kamar an sauke daga wuta.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Alhaji, wanga mangwaro ne ko kunu? Wa ya ɗinka ma mangwaro hula?"

Na ce, "Hajiya, a zaɓa mana, akwai na kirki."

"Akwai. Amma ni na riga na yi sari, tun shekaranjiya anka kira ni a waya."

Ta nuna bayanta. Kwalaye ne, an shimfiɗa ciyawa a ciki, mangwaro jere bai gama nuna ba, kowane da ɗan guntun karansa, alamar da hannu aka tsinke. Yaya ya tambaye ta wane ne mai kayan. Mutumin nan ne da muka sallama.

Buhu goma muka farke a nan, abin da muka zaɓa bai cika uku ba. Muka wuce Illela ko za a dace, ashe ba ranar kasuwa ba ce. Na shimfiɗa leda a bakin tasha, na kasa kashi-kashi a kan dala ashirin, kafin la'asar na koma dala goma, daga baya duk wanda ya tsaya sai in ƙara masa. Mun sayi dambu da zogale, ni na ɗan taɓa, yaya ko hannu bai sa ba. Sauran muka zubar a bayan gari, awaki suka taru. Abin da muka samu haya da mai ne suka cinye.

A Tsarnawa yaya ya sauka don ya nemi motar gida. Na ce, "Yaya, yanzu na gane. Baɗi kwali za mu saya, mu nemi masu saye kafin mu taɓa itace."

Ya ce, "Kai kana da baɗi. Ni hatsin gidana bai kai wata guda." Ya gyara hularsa. "In ka samu irin albasa mai kyau, aiko min."

Na shiga Konni ana kiran magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ribar da nake cewa ana ci a kan yaya ba a banza ake cin ta ba. Mutumin ya san ranar tsinka, ya san abin zubawa, kuma yana da mai saye tun kayan suna bisa itace. Ni na san albasa kawai, na ɗauka duk abin da ya fito daga lambu haka yake. Da nawa kayan ne da na shanye asarar na sake gwadawa. Amma itatuwan mahaifinmu na yi koyo da su, kuma jiya aka gaya mini masu gatari sun fara daga layin bakin rijiya.