Tarkon da Na Ɗana wa Ɓarawo

Edita, a shekarun da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, ni matashi ne mai gyaran rediyo da waya a Birnin Konni, da mata ɗaya da zuciya mai saurin tafasa. Abin da ya gagare ni gyara nakan aika Sakkwato, direbobi su dawo da shi, wani ɗan kabu-kabu ya kai mini gida don shagona ba ya kulluwa da kyau. Na ajiye tsohon akwatin ƙarfe a zaure, nan yake saka saƙo.

Sai kaya suka soma ɓata. Ba asarar ce ta fi ci mini rai ba, kayan mutane ne. Wani dattijo da wayarsa ta salwanta ya tsaya a bakin shagona ya ce, a gaban jama'a, ɓarawon bai wuce mai akwatin ba. Na sa kwaɗo aka fasa. Na kai ƙara, aka ce in kawo wanda nake zargi, ni kuwa ba ni da kowa.

Daga nan na jawo wayar lantarki ta bayan bango na haɗa da murfin akwatin. Na gaya wa ɗan kabu-kabun ya daina taɓawa, ya riƙa miƙa saƙo cikin gida. Matata ta roƙe ni in cire, ta ce zaure hanyar kowa ce. Na ce mata girgiza ɓarawon kawai wutar za ta yi, ya yi ihu unguwa ta san shi. Har dariya na yi.

Wata Laraba da damina, ina shago, matata ta tafi suna, sai Inna ta iso daga Bazaga a amalanke. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta yaye ni, kuma ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ta tarar da ƙofar ciki a kulle. Ta zo da ƙullin wake da daddawa, ga awakin maƙwabta suna shiga zauren, sai ta ga ya fi ta adana a akwatin. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe, ita kuma ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa yadda ta saba. Wata maƙwabciya ce ta ji ƙara, ta zo ta ture ta da taɓarya.

Na same ta a asibiti, tafin hannunta ya ƙone har ya yi fari. Da ta buɗe ido ta gan ni, ta ce, "Ɗana, ka sa a duba wutar gidanka, kar ta kama yara." Ba ta san ni na haɗa ba, ni kuma bakina ya kasa faɗa. Zuciyarta ba ta ƙara daidaita ba. Ta rasu kafin a yanke gero.

A gaban alƙali na ce ɓarawo na ɗana wa, kuma a cikin gidana. Ya tambaye ni ko waya tana da idon da za ta bambance ɓarawo da baƙo. Ya ce ko da ɓarawon ta kama, da nan gabansa zan tsaya, domin babu dokar da ta ba mutum ikon yanke wa wani hukuncin kisa kan ƙunshin kaya. 'Ya'yan Inna sun ce ba su neman komai a wurina, amma hukuma ba ta janye ba. Na yi zaman kaso, na fito, na rufe shagon. Har yau in na je Bazaga gaisuwa, babban ɗanta yakan amsa sallamata ya tashi ya ba ni wuri. Wanda ke satar kuwa ban taɓa sanin ko wane ne ba.

Na rubuto ne don na ji wani a tasha yana cewa zai sa wa ƙofarsa wuta, mutane suna yaba masa. Ɗan'uwa, ɓarawo yana zuwa da tsoro, yana dube-dube, ya san yadda zai kauce. Wanda zai kama murfin da hannu biyu ba tare da shakka ba, naka ne, wanda ya ɗauki gidanka gidansa. Ku sa Inna a addu'a.